Ɗigon da ke ɓoye ɗan'uwansa: yadda ake daidaita kaurin ɗigo a zanen alƙaluma

A kowace rana hukumomin lafiya da bankuna da jami'o'i da kafofin watsa labarai suna wallafa taswirori da zane-zane masu ɗauke da dubban ɗige-ɗige, inda kowane ɗigo ke wakiltar mutum guda, ko gida, ko wani abu da aka auna.

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. To amma a irin wannan zane, ba duk abin da aka zana ne ido ke gani ba, domin ɗigo kan hau kan ɗigo ya rufe shi ruf. Wurin da mutum ɗaya ya kamu da cuta da wurin da mutane ɗari suka kamu sai su fito iri ɗaya, alhali kuwa da irin wannan taswira ake yanke shawarar inda za a tura magani da ma'aikata.

Ɗaya daga cikin dabarun da masana alƙaluma ke amfani da su wajen magance matsalar ita ce rage kaurin launin ɗigo, a mayar da shi shara-shara kamar siririn labule, ta yadda za a riƙa hango abin da ke ƙarƙashinsa. Dabarar tana da sauƙin aiwatarwa, amma tana da nata lissafi da nata tarko.

Inda matsalar take

Fuskar kwamfuta ta ƙunshi 'yan ƙananan ƙwayoyin haske da ake kira fiksel. Zanen da faɗinsa ya kai fiksel 800, tsawonsa kuma 600, yana da ƙwayoyi 480,000 ke nan. Idan kowane ɗigo ya ci fiksel 25, to ɗigo 19,200 ne kawai za su samu wuri, ko da an jera su ƙafaɗa da ƙafaɗa ba tare da barin fili ba.

Alƙaluma kuwa ba sa jeruwa haka. Sukan yi cincirindo a wani ɓangare, su bar wani ɓangaren fayau. Akwai wani kundin bayanan farashin lu'ulu'u da ɗalibai a ƙasashe da dama ke koyon aiki da shi, mai ɗauke da duwatsu 53,940. Idan aka zana nauyin kowane dutse da farashinsa da baƙin ɗigo, ɓangaren ƙananan duwatsu kan koma baƙin tabo guda, ba a iya sanin ko duwatsu ɗari biyar ne a ciki ko dubu ashirin.

Ba sai alƙaluma sun yi yawa haka ba ne matsalar ke tasowa. A ɗauka an yi wa mata 10,000 'yan shekara 15 zuwa 49 tambaya game da shekarunsu da yawan 'ya'yan da suka haifa, daga babu zuwa 15. Shekarun sun kasu gida 35, yawan 'ya'ya kuma gida 16, wato gurabe 560 ne kacal a kan zanen. Ko da an raba matan daidai wa daida, kowane gurbi zai ɗauki kusan mata 18, amma ɗigo ɗaya ne zai bayyana.

Lamarin ya fi tsanani a ƙasashen da rajistar haihuwa ba ta wadata ba, inda masana ƙidayar jama'a suka daɗe da lura cewa mutane kan faɗi shekarun da ke ƙarewa da sifiri ko biyar, kamar 30 ko 35 ko 40. Sai waɗannan gurabe su cika maƙil, amma a zane ba su da bambanci da na kusa da su.

Kafin zuwan kwamfuta

Wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A ƙarshen watan Agustan 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke birnin Landan, ta hallaka mutane fiye da 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin gidajen mamatan, ya kuma zana taswirar da ta shahara daga baya.

Da likitan ya sa ɗigo ɗaya a kan kowane gida, da gidan da ya rasa mutum ɗaya da wanda ya rasa goma sun zama ɗaya. A maimakon haka sai ya ja ɗan gajeren baƙin layi domin kowane mamaci, ya jera layukan ɗaya bayan ɗaya daga bakin titi zuwa cikin gida. Nan take ido ke ganin yadda layukan suka yi tsiri a kewayen famfon ruwa na titin Broad. Tun a ranar 8 ga watan Satumban shekarar hukumomin unguwar suka cire hannun famfon bisa shawararsa.

Shi kuwa Francis Galton, a binciken da ya wallafa a 1886 kan tsawon iyaye da na 'ya'yansu 928, ya raba takardarsa gida-gida, ya rubuta adadin mutanen da suka faɗa kowane gida. Dukkan mutanen biyu sun fahimci abu guda: bai isa a nuna inda abu ya faru ba, sai an nuna sau nawa ya faru a wurin.

Daga masana'antar fim

Dabarar mayar da launi shara-shara ba daga fannin alƙaluma ta samo asali ba. A ƙarshen shekarun 1970, wasu masana kwamfuta biyu, Ed Catmull da Alvy Ray Smith, suna aiki a wata cibiyar fasaha da ke jihar New York a Amurka, suna neman hanyar ɗora hoto a kan hoto ba tare da gefensa ya yi kaushi ba.

A lokacin kowace ƙwayar hoto tana ɗauke da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi. Sai suka ƙara lamba ta huɗu mai nuna yadda ƙwayar ke rufe abin da ke bayanta. Suka raɗa mata suna alfa, wato harafin farko na baƙaƙen Girkanci, saboda da shi ake rubuta lissafin gauraya launi biyu.

A 1984 Thomas Porter da Tom Duff, waɗanda ke aiki a kamfanin fim na Lucasfilm, suka wallafa ƙa'idojin haɗa hotuna ta wannan hanya, kuma har yau a kansu akasarin manhajoji ke tafiya. Catmull da Smith na cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar a 1986, sannan a 1996 hukumar da ke bayar da kyautar Oscar ta karrama mutanen huɗu saboda wannan aiki.

Yadda lissafin yake

Alfa lamba ce tsakanin 0 da 1. Idan ta kai 1, ɗigon ya rufe duk abin da ke bayansa. Idan ta sauka zuwa 0, ɗigon ya ɓace ɗungurungum. A tsakani kuwa, launin ɗigon kan gauraya da na abin da ke ƙarƙashinsa gwargwadon lambar.

A ɗauki baƙin ɗigo mai alfa 0.1 a kan farar takarda. Ɗigo na farko zai cinye kashi 10 cikin 100 na farin, saura kashi 90. Na biyu ba zai ƙara kashi 10 cif ba, zai ci kashi ɗaya bisa goma ne na abin da ya rage, wato 9, duhun ya zama kashi 19. Na uku ya kai shi kashi 27.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ana yawan zaton ɗigo goma masu alfa 0.1 za su haɗu su ba da baƙi wuluk. Lissafi ya nuna kashi 65 cikin 100 kawai suke bayarwa. Sai an tara ɗigo 22 kafin duhun ya kai kashi 90, sai kuma an tara 44 kafin ya kai kashi 99.

Wanda ya taɓa tsayawa a karofi zai gane abin da ake nufi. Tsomawar farko da ta biyu suna sauya launin zane sosai, amma bayan zanen ya sha baba, ƙarin tsomawa ba ya kawo bambancin da ido zai kama.

Ma'anar wannan ita ce, kowace lambar alfa tana da iyakar abin da za ta iya bambancewa. Da alfa 0.1, wurin da ke da ɗigo 50 da wanda ke da 5,000 duk baƙi ne. Da alfa 0.5 kuwa, ɗigo bakwai sun isa su kai duhun kashi 99. Idan aka sauko zuwa 0.01, za a iya bambance tarin ɗigo har zuwa ɗari huɗu da wani abu, amma ɗigon da ke shi kaɗai ba zai fi kashi ɗaya cikin 100 na duhu ba, wanda babu idon da zai gan shi.

Akwai kuma iyakar da ita kanta kwamfuta ta gindaya. Galibin manhajoji suna adana alfa a matakai 256 ne, daga 0 zuwa 255. Duk lambar da ta gaza kimanin ɗaya bisa 500 sai a mayar da ita sifiri, zanen ya fito fari fat, ko da akwai miliyoyin ɗige-ɗige a cikinsa.

Kowace manhaja da nata salo

Manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara ginawa a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, tana karɓar alfa daga 0 zuwa 1. Haka ma ggplot2, ƙarin da Hadley Wickham ya fitar a 2007 domin yin zane a cikin R.

Masu amfani da Python kan dogara da Matplotlib, wadda John Hunter ya fitar a 2003. Shi masanin ƙwaƙwalwa ne, kuma ya ƙirƙiro ta ne domin nazarin bayanan masu fama da farfaɗiya. Ita ma daga 0 zuwa 1 take ƙirgawa. Manhajar Stata, wadda masana tattalin arziki da na kiwon lafiya ke yawan amfani da ita, sai a 2017 ta samu wannan dama, kuma da kashi cikin 100 take auna kaurin launi.

Sai dai a Excel da SAS ma'aunin a juye yake. Su abin da suke aunawa shi ne yawan abin da ake hangowa ta cikin ɗigon, don haka sifiri a wurinsu na nufin ɗigo mai cikakken kauri. Kashi 90 a Excel daidai yake da alfa 0.1 a R. Wanda ya sauya manhaja bai lura da wannan ba zai samu akasin abin da ya nufa.

Irin fayil ɗin da aka adana zanen a ciki shi ma yana da tasiri. Tsarin PNG da aka fitar a 1996 yana riƙe alfa, haka ma PDF tun daga 2001. Tsarin GIF kuwa bai san tsaka-tsaki ba, ko dai a ga ƙwayar hoto gaba ɗaya ko kada a gan ta sam. Shi ma tsohon tsarin PostScript da maɗaba'u suka daɗe suna aiki da shi bai san launi shara-shara ba, abin da kan sa zanen da ya yi kyau a kwamfuta ya lalace a wurin bugawa.

Ɗigon da ke shi kaɗai

Babban haɗarin dabarar shi ne, tana fito da cunkoso ne ta hanyar dusashe abin da ke gefe. A wasu fannoni kuwa, abin da ke gefen shi ne labarin.

Cutar shan inna misali ce. A ƙa'idar masu yaƙi da ita, samun yaro ɗaya da ya kamu a yankin da aka kawar da cutar ya isa a ɗauke shi a matsayin ɓarkewar annoba. A watan Agustan 2016, bayan Najeriya ta yi shekara biyu ba a samu ainihin ƙwayar cutar ba, an gano yara biyu da suka kamu a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere na jihar Borno. Wannan ya sa aka ƙaddamar da gagarumin rigakafi a ƙasashen yankin Tafkin Chadi, kuma sai a ranar 25 ga watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Da a ce za a zana irin waɗannan yara biyu a cikin dubban samfuran da aka gwada, kowanne da ɗigo mai alfa 0.05, da ba wanda zai lura da su. Abin da ƙwararru kan yi a irin wannan hali shi ne raba zanen hawa biyu: a shimfiɗa dubban ɗige-ɗigen da launi mai haske a ƙasa, sannan a ɗora 'yan kaɗan ɗin da ake nema a sama da cikakken kauri da launi na daban.

Wajibi ne kuma a tuna da inda za a kalli zanen. Toka-tokar da ake gani a fuskar kwamfuta kan ɓace idan aka haska ta da majigi a ɗakin taro mai haske, ko aka ɗauki kwafinta a na'urar hoton takardu.

Idan launuka sun haɗu

Matsalar takan ƙaru idan ɗige-ɗigen sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da launinsa. Manhaja tana zana ɗigo ne ɗaya bayan ɗaya bisa yadda aka jera bayanan, saboda haka rukunin da ya zo ƙarshe shi ke hawa kan sauran, ya zama kamar shi ne mafi yawa.

Rage kauri yana sassauta wannan, amma ba ya kawar da shi. Idan jan ɗigo mai alfa 0.5 ya hau kan shuɗi mai alfa 0.5, ja zai ɗauki rabin launin wurin, shuɗi ya samu rubu'i, farin takarda ya samu rubu'i. Yawansu ɗaya, amma na sama ya ninka na ƙasa. Maganin da aka saba amfani da shi shi ne a cakuɗa jerin bayanan kafin a zana, ko kuma a ba kowane rukuni nasa ƙaramin zane a jera su gefe da gefe.

Gaurayar launi ma kan haifar da fahimtar da ba ta dace ba. A 2013 wani mai bincike a Jami'ar Virginia, Dustin Cable, ya zana taswirar Amurka da ɗigo 308,745,538, ɗigo guda domin kowane mutum da aka ƙirga a ƙidayar 2010, kowane jinsi da launinsa. Daga nesa, launukan wasu birane sun gauraye kamar jama'arsu na zaune a cakuɗe. Da aka matso kusa sai aka ga a wurare da dama unguwa-unguwa ce, kowane jinsi da tasa.

Ita ma taswirar cutar korona da Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe a watan Janairun 2020, ta kuma daina sabunta ta a watan Maris na 2023, ta fuskanci makamanciyar wannan matsala. Jajayen da'irorin da ke nuna yawan masu cutar sun yi ta girma har suka hau kan juna a Turai da Amurka, ta yadda sai mai kallo ya matso kusa kafin ya bambance wani yanki da wani.

Sauran hanyoyi

Idan bayanan lambobi ne cif-cif, kamar shekaru da yawan 'ya'ya, akan ɗan gusar da kowane ɗigo kaɗan zuwa dama ko hagu, sama ko ƙasa, domin waɗanda suka hau kan juna su bazu. Sai dai wannan na nufin ɗigon ba ya kan ainihin wurinsa, don haka ya kamata a sanar da mai karatu.

Idan kuma ɗige-ɗigen sun kai ɗaruruwan dubbai, akan koma ga dabarar Galton: a raba zanen gida-gida, a ƙirga abin da ya faɗa kowane gida, a ba shi launi gwargwadon adadin. A 1987 Daniel Carr da abokan aikinsa suka gabatar da amfani da gidaje masu kusurwa shida irin na saƙar zuma domin wannan aiki. Fa'idar hanyar ita ce, kowane launi yana da adadin da yake wakilta a rubuce a gefen zanen, abin da alfa ba ta bayarwa.

Da irin wannan tsari na nuna cunkoso da launi ne Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ta gabatar da zanen haske da launin taurari fiye da miliyan huɗu a watan Afrilun 2018, daga bayanan kumbonta mai suna Gaia. Da baƙin ɗigo aka zana su, da babu abin da za a gani sai tabo.

Abin da mai karatu zai duba

Babu wata lambar alfa guda da ta dace da kowane zane. Mai zane kan gwada lambobi da dama, ya kwatanta, ya zaɓi wadda ta nuna cunkoso ba tare da ta shafe na gefe ba. Wannan zaɓi ne na ɗan Adam, kuma bayanai iri ɗaya na iya ba da hoto biyu mabambanta gwargwadon wanda ya riƙe linzamin.

Saboda haka akwai tambayoyin da suka kamata mai karatu ya yi a duk lokacin da ya ci karo da taswira ko zane mai ɗige-ɗige. Shin an faɗi adadin abubuwan da aka zana? Idan an ce mutane dubu goma ne amma ɗigon da ake gani bai fi ɗari biyar ba, to sauran suna ƙarƙashi. Shin wurin da ya fi duhu yana da matakai, ko kuwa tabo ne guda? Shin akwai bayanin abin da kowane launi ke nufi? Idan kuma launuka biyu ne, wanne ne a sama?

Ga jami'in da zai raba allurar rigakafi ko ya tura motar ruwa bisa abin da taswira ta nuna masa, akwai ƙarin mataki guda: ya nemi a ba shi jadawalin alƙaluman da aka yi zanen da su, ya duba adadin da ke bayan kowane tabo da kowane fili kafin ya sa hannu.